BA KULLUM MACE CE JUYA BA: ABIN DA NA GANO A WASAGU

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, amma idan kuka bi ni a sannu za ku ga ƙarshenta maganar auren ce dai, domin abin da zan faɗa ya raba ma'aurata da dama ba tare da sun san abin da ya raba su ba.

Kwanakin baya na je Wasagu ta ƙasar Zuru a jihar Kebbi bikin wata ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifiyata. Daren sa lalle ana ta guɗa da kiɗan ƙwarya, sai na nemi wata yayata na rasa. Can na same ta a bayan rumbu ta haɗa kai da gwiwa, hawaye shaɓe-shaɓe.

Na ce, "Subhanallahi! Yaya, lafiya? Ko ke da maigidan ne?"

Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Ke dai bari ƙanwata. Kukan da na yi shekara bakwai ina haɗiyewa ne yau ya ƙwace mini."

Shekararta bakwai da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu irin saiwar da ba ta sha ba, babu jiƙon da ba a ɗura mata ba. Dangin miji suka sa mata suna juya, in ta wuce a yi ta habaici ana cewa ana ta ciyar da kaza ba ƙwai. A shekara ta huɗu aka yi mata kishiya, yarinya ɗanya shakaf. To ga shi ita ma amaryar shekararta uku, shiru kake ji. Nan fa jikin kowa ya yi sanyi. Da ƙyar wani ƙanin mijin ya lallashe shi suka tafi wani babban asibiti a Sakkwato aka auna shi. Sakamako ya nuna ƙwayoyin haihuwarsa sun yi ƙaranci ƙwarai, sinadarin mazantakarsa ma ya yi ƙasa.

Ta ce, "Likitan ya tambaye shi sana'arsa, ya ce noma da feshin haya. Shekara goma sha biyu yana goya tankin feshi a gonakin mutane, da hannunsa yake dama maganin, in bakin bututun ya toshe da bakinsa yake hurawa. Likita ya ce ba zai rantse cewa wannan kaɗai ne sanadi ba, amma ya daina tun da wuri. Ni kuwa ƙanwata, wa zai biya ni zagin da na sha?"

Wallahi ban iya ba ta amsa ba. Amma tun da na dawo gida na shiga tambayar ma'aikatan lafiya da karance-karance, abin da na samo kuwa shi ne na ga bai kamata in riƙe ni kaɗai ba.

MENE NE SINADARIN MAZANTAKA?

A jikin ɗan'adam akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira homon. Ku ɗauke su kamar 'yan aike, wani sashe na jiki ya tura su ta cikin jini su kai saƙo ga wani sashe. Wanda ya fi shafar namiji shi ake kira testostiron, mu kuma mu ce sinadarin mazantaka. A maraina ake yin mafi yawansa, bisa umarnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa. Shi ne ke sa muryar yaro ta buɗe idan ya balaga, gemu ya tsiro, ƙirji ya faɗaɗa, ƙashi ya yi ƙwari. Shi ne kuma ke riƙe da sha'awar namiji da yin ƙwayoyin haihuwa. Mu mata ma muna da shi, amma ɗan kaɗan.

Idan ya yi ƙaranci sai ki ga namiji kullum a gajiye, ga saurin fushi ko yawan damuwa, tumbi ya fito, ƙarfi ya ragu, ya riƙa gudun shimfiɗar iyalinsa. Matar kuwa sai ta ce an yi masa asiri, ko ya daina sonta, ko wata ce a waje ta ɗauke masa hankali. Daga nan sai yaji, sai zuwa wajen boka, sai saki.

Kowane saƙo a jiki yana da inda yake shiga, kamar makulli da kwaɗonsa. To akwai sinadaran da ɗan'adam ya ƙera a masana'antu waɗanda ke shiga jiki su yi aikin jabun makulli. Wani ya shiga kwaɗon ya toshe, makullin gaske ya zo ya rasa hanya. Wani ya kwaikwayi sinadarin mata a jikin namiji. Wani kuma ya hana maraina yin nasu aikin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da babban rahoto suna jan kunnen ƙasashe a kan irin waɗannan sinadarai.

YADDA AKA FARA GANEWA

A 1977, a wani gari da ake kira Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai masana'antar da ke haɗa wani maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP. Ma'aikatan wannan sashe suna hira a tsakaninsu sai suka lura an daɗe ba a yi suna a gidan ko ɗayansu ba. Da aka auna su sai aka tarar wasu ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya, wasu kuma saura ƙiris. Amurka ta hana amfani da maganin a 1979 in ban da gonakin abarba na tsibirin Hawai, amma dubban leburorin gonakin ayaba a ƙasashe irin su Kosta Rika da Nikaragwa sun riga sun kamu. Ku duba fa, waɗannan ma da ba a auna su ba, matansu za a ɗora wa laifi.

A 2022 kuma wani ayarin masana ƙarƙashin Farfesa Hagai Levine suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe 53, har da na Afirka, suka ce daga 1973 zuwa 2018 yawan ƙwayoyin haihuwa a maniyyin maza ya ragu da fiye da rabi. Akwai masanan da ke ja da wannan lissafi, kuma babu wanda ya ce sinadarai ne kaɗai suka jawo. Amma dai ruwa ba ya tsami banza.

DAGA GONA

Duk wadda ta san ƙasar Zuru ta san maza ne na gaske a wajen noma. Ai nan ne ake da al'adar golmo, inda saurayi kan yi shekara bakwai yana yi wa surukansa noma kafin a ba shi mata. Daga Wasagu zuwa Ribah zuwa Bena, dawa da masara da wake da shinkafa su ne arzikin mutane. Sai dai yanzu fartanya ta ja baya, tankin feshi ya karɓi aikin. Da damina ta faɗi za ki ga samari da tanki a baya, ba safar hannu, ba takalmi, ba abin rufe hanci, magani na ɗiga yana jiƙa musu riga har wando.

Ɗaya daga cikin magungunan ciyawa da aka daɗe ana fesa wa masara shi ne atirazin. A 2010 wani masani a Jami'ar Kalifoniya, Tyrone Hayes, ya rena kwaɗi maza a ruwan da aka sa wa atirazin ɗan kaɗan. Kusan uku cikin huɗu sinadarin mazantakarsu ya faɗi suka kasa barbara, ɗaya cikin goma kuwa ya rikiɗe ya koma mace har yana saka ƙwai. Kwaɗo ba mutum ba ne, kada wata ta je ta ce na ce mijinta zai zama mace. Amma Tarayyar Turai ta hana amfani da atirazin tun 2004 saboda yadda yake gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, mu ma a nan hukumar NAFDAC ta sanar a 2023 cewa za ta janye shi daga kasuwa.

Haka magungunan ƙwari dangin fiya-fiya. A 2023 masana a Amurka suka haɗa sakamakon bincike fiye da 20 da aka yi cikin kusan shekara 50, suka ga mazan da suka fi cuɗanya da irin waɗannan magunguna sun fi ƙarancin ƙwayoyin haihuwa. Irin wannan magani ne wasu ke zuba wa wake don kada ya yi ƙwari, shi ya sa ma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta. Waken da Bature ya ƙi, mu ne muka yi alale da ƙosai da shi.

Kada ki ce ke ba ki zuwa gona. Wa ke wanke rigar mai feshi? Wa ke ɗaukar jarkar maganin da ta ƙare ta ɗauraye ta zuba ruwan sha ko man gyaɗa? A gidan bikin nan da idona na ga an kawo kunun zaƙi a cikin irin wannan jarka, hoton ciyawa na nan raɗau a jikinta.

ZUWA MADAFI DA GABAN MADUBI

Washegarin ɗaurin aure da safe aka aiki yara sayen koko. Kowa ya dawo da nasa a ƙulle cikin leda, zafi har ba ya riƙuwa. Da rana aka kwashe tuwo malmala-malmala aka naɗe a leda aka jera a kula. Alale ma a leda aka dafa. Yarinyar da aka sa hura wuta kuwa tsohuwar leda ta cusa a murhu don itacen ya kama, tana tsugune hayaƙin na shiga hancinta. Wace ce a cikinmu ba ta yin haka?

Akwai sinadarai iri biyu da suka fi suna a harkar roba. Na farko ana kiransu talet, ana sa su don roba ta yi laushi, ana kuma sa wani irinsu a turare da man shafawa da jan farce don ƙamshi ya daɗe ko fenti ya zauna. Na biyu shi ne BPA, wanda ake samu a roba mai tauri mai garai-garai, da shafen cikin gwangwanin abinci, da takardar rasit mai santsi irin ta na'urar cirar kuɗi. Ba kowace roba ce ke ɗauke da su ba, amma ƙa'ida ɗaya ce: zafi da maiƙo da tsufan roba su ne ke sa abin da ke jikinta ya zubo cikin abinci. Ƙona roba da shara kuwa yana iya fitar da wata guba mai suna dayoksin, wadda kan daɗe shekaru a kitsen jiki.

A 2014 masana a Jami'ar Mishigan suka duba jini da fitsarin mutum fiye da 2,000. Suka tarar yara maza 'yan shekara 6 zuwa 12 da talet ya fi yawa a jikinsu, sinadarin mazantakarsu ya gaza da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari. Kafin nan, a 2009, an binciki ma'aikatan masana'antun BPA a ƙasar Sin aka ga sun ninka sauran ma'aikata sau huɗu wajen fama da raunin mazakuta. Su dai ma'aikatan a cikinsa suke wuni, ba kamar mai shan koko a leda ba. Duk da haka Tarayyar Turai ta hana sa BPA a bulumbotin jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012, a ƙarshen 2024 kuma Turai ta zartar da dokar hana shi a duk abin da ke taɓa abinci.

INDA MAGANAR TA FI SHAFARKI

Na san wata za ta ce, to ni ina ruwana, ko saurayi ba ni da shi. 'Yar'uwa, ke maganar ta fi shafa. Mazantakar namiji ba ranar da ya balaga take farawa ba, tun yana cikin mahaifiyarsa ake gina ta. Tsakanin mako na 8 zuwa na 14 na ciki, lokacin da wata ma ba ta gaya wa kowa tana da shi ba, marainan ɗan tayi ke fara fitar da sinadarin da zai ƙera masa halittarsa ta namiji. Idan aka sami tangarɗa a wannan ɗan taƙi, ana iya haifar yaro marainansa ba su sauko ba, ko ƙofar fitsarinsa ta fito ba a inda ya dace ba, ko kuma sai ya girma ya yi aure matsalar ta bayyana.

A 2005 wata masaniya a Amurka, Shanna Swan, ta auna fitsarin mata masu ciki, bayan sun haihu ta auna 'ya'yansu maza. Ta tarar waɗanda talet ya fi yawa a jikin iyayensu sun fi nuna alamar cewa sinadarin mazantaka bai yi cikakken aikinsa ba tun suna ciki. Ashe ke nan abin da kika ci, da abin da kika shafa, da hayaƙin da kika shaƙa kina amarya, yana iya bin ɗanki har ɗakin tasa amaryar.

KADA MU ƊORA WA LEDA KOMAI

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta. Akwai abubuwan da likitoci suka fi tabbatar da illarsu ga namiji fiye da roba: ƙiba mai yawa, ciwon sukari, rashin isasshen barci, giya, da uwa uba shaye-shayen ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin, waɗanda ke danne sinadarin mazantaka. Taba sigari ma tana lalata ƙwayoyin haihuwa. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda yadda matasa suka afka masa. Don haka idan saurayinki na cikin masu wannan hali, kada daɗin baki da ƙamshin turare su ruɗe ki.

Sannan ku sani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida kan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun ce a kusan rabin ma'auratan da ke fama da ita akwai hannun ɓangaren namiji. Idan aka shekara ɗaya ana tare babu ciki, miji da mata ne ya kamata su je asibiti tare. Awon namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Maganin ƙarfin maza na bakin tasha da na masu lasifika a kasuwa ba ya gyara wannan, wani ma ƙara ɓata lamarin yake yi.

TO MENE NE ABIN YI?

Albishirinku, talet da BPA ba sa daɗewa a jiki, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fitsari ke fitar da mafi yawansu. Matsalar ita ce kullum muna sake zuba sabo. A 2011 an gwada wasu iyalai biyar a Amurka, aka ba su abinci sabo wanda bai shiga gwangwani ko roba ba na kwana uku kacal, BPA ɗin jikinsu ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A 2016 kuma 'yanmata 100 sa'o'inku a garin Salinas suka canza kayan kwalliyarsu na kwana uku, wasu sinadaran suka ragu a jikinsu da kashi 27 zuwa 45 cikin ɗari. Namiji ma jikinsa kan ɗauki kamar wata biyu da rabi ya yi sababbin ƙwayoyin haihuwa, don haka wanda ya gyara yau yana iya ganin canji, in dai ɓarnar ba ta yi nisa ba.

Idan za ki sayi koko ko kunu, tafi da kwanon sha ko kofin silba. Tuwo a kwashe shi a langa ko samira ko akushi kamar yadda kakanninmu ke yi. Alale a dafa shi a ganye ko a ƙananan kwanonin silba. Miya mai zafi da mai kada su kwana a roba. Ruwan leda da ya wuni a rana a bar shi, randa da tulu ba su tsufa ba. In za ki sayi roba ki juya gindinta, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki: mai 2 ko 4 ko 5 ta fi dama-dama, mai 3 ko 6 ko 7 kada ki zuba mata abinci mai zafi. Robar da ta tsage ko ta dafe a mayar da ita ta wanki. Madarar jariri kada a dama ta da tafasasshen ruwa a cikin bulumbotin roba. Wuta kuma a hura ta da kara ko tsinke ko ɓawon gyaɗa.

Wajen kwalliya ban ce ki zauna buzu-buzu ba, ni ma ina son ƙamshi. Amma a rage tarkace, musamman mai ciki. Turaren fesawa a fesa shi a tufafi maimakon fata. Man kaɗanya da lalle da sabulun salo ba su taɓa kunyata mace ba. Ke mai haɗa kayan ɗaki, ki ce wa Umma a rage setin robobi a ƙara na silba da tangaran.

Idan kuwa babanki ko yayanki ko maigidanki yana feshi, lallaɓa shi ya sa safar hannu da takalmin roba da riga mai dogon hannu, ya rufe hanci da baki, kada ya fesa yana fuskantar iska, kada ya ci goro ko ya sha taba yana cikin aiki. Ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a abinci. Kayan feshin a wanke su daban, mai ciki kuma kada ta taɓa su. Jarkar magani a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a tankin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya sake amfani da ita. Wake kuwa akwai buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba.

Ranar da zan baro Wasagu, Yaya ta rako ni bakin mota. Ta ce maigidan ya ajiye feshin haya, yana shan maganin da likita ya rubuta masa, an ce ya koma bayan wata uku. Ta ce abin da ya fi sanyaya mata rai shi ne daren da suka dawo daga Sakkwato ya tara su ita da amaryar ya ce su yafe masa. Surukarta ma yanzu in ta shigo gidan sai ta riƙa sunkuyar da kai.

Na ce, "Yaya, kin yafe?"

Ta yi murmushi ta ce, "Na yafe mana, ai shi ma bai sani ba. Amma ki rubuta a takardar nan taku, ko wata ta tsira daga abin da na gani."

To ga shi na rubuta. Haihuwa ta Allah ce, Shi ke bayarwa ga wanda Ya so, amma in kunne ya ji jiki ya tsira. Ku karanta wa iyayenmu mata da ba su iya boko ba, ku kuma ajiye shafin inda yayyenku maza za su gani. Ita kuma Yaya ku sa ta a addu'a, Allah Ya ba ta mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.